Yaya ake haɗa takardun bayanin Django da Python su yi aiki ba intanet?

malam_sudo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba da layin umarni.

Ina koyar da Python da Django a wata ƙaramar cibiya a Gusau. Kwamfutocinmu ba su kai goma ba, wasu Ubuntu, wasu Windows. Intanet kuma sai na kunna hotsifot daga wayata, kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025 abin ya fi ƙarfin aljihuna. Wanda yake Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya, ya san ba kuɗi kaɗai ba ne matsalar.

Na saka Zeal, manhajar karanta takardun bayani ba intanet, na sauke docset ɗin Django (kundin takardun a tsarin da Zeal ke karantawa) daga jerinsa, amma sabon siga ya ba ni, mu kuwa 4.2 muke koyarwa. Sannan muna da ɗan laburare namu na koyarwa, takardunsa shafukan HTML ne da muka rubuta da hannu. So nake na haɗa duka biyun da kaina daga taminal, na zuba a filash, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Wane kayan aiki kuke amfani da shi?

abba_kernel

Wa alaikumus salam. wget kawai, Malam.

`wget --mirror --convert-links --adjust-extension --page-requisites --no-parent` sai adireshin shafin. Ka bar shi da daddare lokacin data mai araha, da safe ka tarar ya gama.

Hajjo_py

@abba_kernel wannan zai kwaso masa shafuka ne, ba zai ba shi abin da yake nema ba. Amfanin Zeal ai shi ne ka rubuta `select_related` ya kai ka kan layin da aka yi bayaninsa nan take. Wannan kuwa fihirisa ce ke yin sa, wget ba ya gina fihirisa.

Malam, na Django mai sauƙi ne domin da Sphinx, manhajar da ke gina shafukan takardun bayani, aka rubuta takardunsa. Duk abin da Sphinx ya gina yana fitowa da wani ɗan fayil mai suna `objects.inv`, a ciki akwai sunan kowane kilas da kowane fankshin da shafin da yake. Akwai manhajar da ake kira doc2dash, ta Hynek Schlawack, aikinta ke nan: ta karanta wannan fayil ta mayar da shi fihirisar da Zeal da Dash (takwaransa na Mac) suke ganewa. Ga yadda nake yi:

```
git clone --depth 1 --branch stable/4.2.x https://github.com/django/django.git
pip install sphinx
cd django/docs
make html
pipx install doc2dash
doc2dash -n "Django 4.2" _build/html
```

Zai fitar maka da folda `Django 4.2.docset`. Kada ka manta da `--depth 1` ɗin nan, in ba haka ba git zai jawo maka tarihin Django kaf tun daga 2005, datarka ta tafi a banza.

malam_sudo

Allah Ya saka da alheri Hajiya. A ina zan ajiye foldar?

Hajjo_py

A Ubuntu `~/.local/share/Zeal/Zeal/docsets`. A Windows tana cikin `AppData\Local\Zeal\Zeal\docsets`. In kana kokwanto ka buɗe saitin Zeal, yana nuna wurin, kana ma iya canza shi. Ka rufe Zeal ka sake buɗewa.

Sadiq_0x1F

Ƙari kan abin da Anti Hajjo ta ce. Idan ka gudanar da `make html` ba tare da intanet ba za ka ga jan rubutu yana cewa ya kasa ɗauko fihirisar Python. Kada hankalinka ya tashi, ginin zai ci gaba. Abin da kawai za ka rasa shi ne mahaɗan da ke kai mutum daga shafin Django zuwa shafin Python, misali inda aka ambaci `datetime`. Da ma ko sun ginu, intanet suke nunawa, ba za su buɗe a ajinka ba.

abba_kernel

To ai ni ban ga laifin wget ba. Sphinx yana da akwatin bincikensa a cikin shafin, `searchindex.js` ne, ba ya neman intanet.

Hajjo_py

Yana da shi, amma gwada neman `filter` a ciki ka ga shafuka nawa zai jero maka. Kuma kowane kundi da nasa akwatin. A Zeal wuri ɗaya kake nema, Python da Django da PostgreSQL duk a tare. Ban da haka, me zai sa ka kwashi dubban shafuka ɗaya-ɗaya alhali Django da kansu sun ajiye zip na HTML da PDF da ePub a gefen shafin takardunsu, kowane siga da nasa? Python ma haka, suna da shafin saukewa. Sabar mutane ce kake wahalarwa a kan abin da suka riga suka ɗaure maka a fayil ɗaya.

dattijo_unix

Yaran zamani. Kafin a yi maganar saka sabuwar manhaja, wa ya duba abin da ke cikin kwamfutarsa?

`python -m pydoc -b` zai buɗe maka burauza da bayanin duk abin da aka girka a wannan kwamfutar, har Django ɗin, kuma sigar da ke kanta daidai, ba ta gaba ba, ba ta baya ba. `python -m pydoc str.split` zai ba ka amsa a taminal. A Ubuntu akwai `python3-doc`, akwai `postgresql-doc`, akwai `manpages-dev` ga masu C. Mai Rust yana da `rustup doc`, littafin koyon harshen ma yana ciki, `rustup doc --book`. Mai Go yana da `go doc`. `man -k` kuma tun kafin a haifi yawancinku yake aiki.

Ba na ƙin Zeal. Amma ɗalibin da bai san `help()` a cikin Python ba, ko ka ba shi docset ɗari ba zai karanta ba.

Ummi_dev

Baba, da girmamawa, pydoc ai abin da aka rubuta a jikin lambar kawai yake nunawa. Darasin farko na Django, wanda ake gina manhajar ƙuri'a mataki-mataki, ba ya ciki. Bayanin yadda ake tura aiki kan sabar ba ya ciki. Jerin saituna ma ba ya ciki yadda ya kamata. Ɗan koyo waɗannan yake buƙata fiye da jerin fankshin.

dattijo_unix

Wannan gaskiya ne 'yata. Na ce dai a fara da na gida.

nura_frontend

Ni ban gane wahalar da kuke sha ba. DevDocs yana nan, shafin da ya tara takardun bayani da yawa a wuri ɗaya. Ka buɗe devdocs.io, ka zaɓi Django 4.2 (suna ajiye tsofaffin sigogi), ka shiga sashen aiki ba intanet ka danna saukewa. Shi ke nan. Babu git, babu Sphinx.

Sadiq_0x1F

@nura_frontend a laftof ɗinka kai kaɗai, e. A cibiyar da yara goma sha ke zama kan kwamfuta ɗaya a yini, a'a. DevDocs a cikin ma'ajiyar burauza yake zuba kayansa. Na taɓa shirya wa wani aji haka, wani yaro ya shiga inda bai kamata ba, ya tsorata, ya goge tarihin burauza da duk bayanan shafuka. Washegari aka buɗe DevDocs fayau. Kuma sai ka sauke a kowace kwamfuta daban, wato data sau adadin kwamfutocin. Malam filash yake son ɗauka.

nura_frontend

To a kafa shi a kwamfuta ɗaya ta zama sabar. Lambarsa a buɗe take, freeCodeCamp ne ke riƙe da shi yanzu. Da Ruby aka rubuta:

```
bundle install
bundle exec thor docs:download --default
bundle exec rackup -o 0.0.0.0
```

A maimakon `--default` kana iya ba shi sunayen kundayen da kake so kawai. Yana tashi a kan lamba 9292. Sauran kwamfutoci su shigo ta rauta, ko rautar ba ta da data. Yaro ya goge abin da zai goge, kayan suna kan sabar.

malam_sudo

Wannan ya burge ni, amma idan aka ɗauke wuta laftof uku ne ke rage mana, rautar kuma mutuwa take yi. Shi ya sa na fi karkata ga kowace kwamfuta ta riƙe nata.

Issoufou_Maradi

Salamu alaikum. Ina bin zancen daga Maraɗi. Mu ma nan mun ɗanɗana, musamman daga Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Abin da zan ƙara: ɗalibanmu da Faransanci suka yi karatu, Turanci na ba su wuya. Takardun Python suna da fassarar Faransanci a docs.python.org/fr, ba duka aka gama ba amma darasin farko da manyan sassa suna nan, inda ba a fassara ba sai ya bar Turancin. Na sauke HTML ɗin, na ba doc2dash, ya karɓa ba gardama domin sunayen fankshin ba sa canzawa, shafukan ne kawai suka canza harshe. Sai na sa masa suna dabam da `-n` don kada ya take na Turancin. Yanzu yaro na iya buɗe biyun gefe da gefe.

Littafin PHP ma akwai shi da Faransanci a shafin saukewarsu, amma shi ba Sphinx ba ne, doc2dash ba ya cin sa.

Ummi_dev

Kai, wannan dabara ce. Ina ma da na Hausa.

dattijo_unix

Ba wanda zai faɗo da shi daga sama. Na Faransancin ma 'yan sa kai ne suka zauna suka yi, da fayilolin `.po`, jimla bayan jimla. Ku matasa ku haɗu mana.

abba_kernel

Baba kullum sai ya ba mu aiki 😂

Bashir_gopher

Mu dawo kan rabin tambayar da ba a amsa ba, wato laburaren Malam na HTML ɗin hannu. Shi ba shi da `objects.inv`, don haka doc2dash zai ce bai gane shi ba. Nan ne dashing ke shigowa. Da Go aka rubuta shi, Matt Butcher ne ya yi. Kai ne za ka gaya masa abin da zai ɗauka a matsayin fankshin ko darasi, ta hanyar zaɓaɓɓun CSS. Ka shiga foldar, `dashing create` zai ajiye maka `dashing.json`, ka gyara shi kamar haka:

```
{
  "name": "Laburaren Aji",
  "package": "aji",
  "index": "index.html",
  "selectors": {
    "h2 code": "Function",
    "title": "Guide"
  }
}
```

Sai `dashing build aji`. Duk inda ya ga `code` a cikin `h2` zai shigar da shi fihirisa a matsayin fankshin, kowane taken shafi kuma darasi.

Amma fa sharaɗi: sai shafukanku suna da tsari ɗaya. Idan wannan ya rubuta sunan fankshin da `h2`, wancan ya yi da `b`, wani kuma ya ƙara girman rubutu kawai, dashing ba boka ba ne. Za ka fi ɓata lokaci wajen daidaita HTML ɗin fiye da ginin kansa.

malam_sudo

Ka taɓo inda ke ciwo. Mutum uku ne suka rubuta, kowa da salonsa.

Sadiq_0x1F

In haka ne ka bar dashing, ka yi da hannu. Mutane suna jin tsoron kalmar docset, alhali ba komai ba ce illa folda mai abubuwa uku:

```
Aji.docset/Contents/Info.plist
Aji.docset/Contents/Resources/docSet.dsidx
Aji.docset/Contents/Resources/Documents/
```

Shafukanka suna shiga `Documents`. `Info.plist` ɗan XML ne mai suna da shafin farko da alamar `isDashDocset`, ka kwafo na Django ɗin da doc2dash ya yi maka ka canza sunaye. Shi kuma `docSet.dsidx`, duk da baƙon sunansa, SQLite ne tsantsa. Buɗe shi da `sqlite3` ka gani. Tebur ɗaya ne:

```
CREATE TABLE searchIndex(id INTEGER PRIMARY KEY, name TEXT, type TEXT, path TEXT);
CREATE UNIQUE INDEX anchor ON searchIndex (name, type, path);
INSERT OR IGNORE INTO searchIndex(name, type, path)
VALUES ('lissafa_riba', 'Function', 'kudi.html#lissafa_riba');
```

Suna, iri, da wurin da yake. Iyakarsa ke nan. Idan fankshin ɗinku ba su wuce hamsin ba, ka jera su a fayil ɗin CSV, ka rubuta layi goma sha biyar na Python ya zuba su. Abin da kawai za ka kula da shi: abin da ke bayan alamar `#` dole ya zama akwai `id` mai wannan sunan a shafin, in ba haka ba Zeal zai buɗe shafin amma ya tsaya a sama, yaro ya yi ta gangarawa yana nema.

Ni a wurinka ma ɗalibai zan ba wa wannan a matsayin aikin gida. Sun taɓa SQL, sun taɓa karanta fayil, kuma abin da suka gina za su yi amfani da shi gobe.

Hajjo_py

Na yarda da bayanin, ban yarda da shawarar ba. CSV ɗin hannu zai tsufa. Wata uku nan gaba wani zai ƙara fankshin ya manta bai sa a jerin ba, wani zai canza suna, fihirisa ta riƙa nuna abin da babu. Tunda laburaren Python ne, ku mayar da bayanin cikin lambar kanta, ku bar Sphinx da `autodoc` su ciro shi. Wahalar sau ɗaya ce. Daga nan `make html` da `doc2dash -f` kawai, ka sa su a ɗan fayil ɗin bash guda, duk ranar da aka taɓa laburaren ka gudanar. In kuma Markdown kuka fi so, MkDocs da mkdocstrings ma suna fitar da `objects.inv`, doc2dash na karɓa.

Sadiq_0x1F

Anti, mutumin da ke koyarwa safe da yamma kike cewa ya sake rubuta takardu kaf.

Hajjo_py

Ɗaliban da ka ce a ba wa aikin gida fa? Su rubuta bayanin fankshin ɗin. Ya fi cika CSV amfani.

mk_zaria

Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Duk wannan ba tsohon yayi ba ne? Na saka Ollama, manhajar gudanar da AI a kan kwamfutarka, a laftof ɗina, ina tambayar ƙaramin model na AI ba intanet, yana ba ni amsa har da misali. Me zan yi da fihirisa?

Bashir_gopher

Laftof ɗinka RAM nawa?

mk_zaria

16.

Bashir_gopher

Na cibiyoyin koyarwa da na sani yawanci 4 ne, tsofaffin kwamfutocin ofis da aka sayo na hannu. Docset na buɗewa a kansu ba tare da fanka ta tashi ba.

Ummi_dev

Ba ma RAM ba. Matsalar Malam ta siga ce, kuma nan ne waɗannan abubuwan suka fi yin tuntuɓe. Misali `db_default` a Django 5.0 ya shigo, `LoginRequiredMiddleware` kuma a 5.1. Ka tambayi model yadda ake tilasta shiga a duk shafuka, zai iya ba ka na 5.1 da cikakken ƙarfin gwiwa, yaro ya kwafa a 4.2, ya samu `ImportError`, ya zauna yana zargin kansa. Wani lokacin ma sunan da babu shi a kowace siga zai ƙirƙiro. Wanda ya ƙware zai gane, ɗan wata biyu ba zai gane ba. A takardun 4.2 kuwa abin da babu shi ba zai fito a bincike ba, wannan kansa amsa ce.

mk_zaria

Ni dai yana min aiki. Amma na ji batun siga.

dattijo_unix

Ka riƙe shi, ka riƙe littafin kuma. In sun saɓa, littafin ne alƙali.

zainab_kiwix

Na zo a makare. Ba wanda ya ambaci Kiwix? Yawanci an san shi da Wikipedia ba intanet (ta Hausa ma tana nan a ɗakin saukewarsu), amma tsarin fayil ɗinsa, ZIM, yana ɗaukar kowane tarin HTML. Fa'idarsa a kan docset biyu ce. Na farko fayil ɗaya ne a matse, ba folda mai dubban ƙananan fayiloli ba. Duk wanda ya taɓa kwafar babban docset zuwa filash mai arha ya san abin da nake nufi, girman ba yawa amma sandar kwafin kamar ba ta motsi. Na biyu akwai manhajarsa a Android, ɗalibi zai tafi gida da takardun a wayarsa. Zeal ba ya waya.

Suna da kundayen DevDocs da aka riga aka mayar ZIM, ɗaya-ɗaya, har da Stack Overflow ɗungurungum, sai dai shi wannan gigabait gommai ne, sai ka sami mai intanet ɗin ofis ko na jami'a. Na kanka kuma `zimwriterfs` ke ginawa daga folda: ka ba shi shafin farko, take, harshe, ɗan hoto da sauransu. A aji `kiwix-serve --port=8080` da sunan fayil ɗin.

Inda ya gaza: bincikensa na kalmomin cikin shafi ne da take, bai san bambancin kilas da fankshin ba yadda Zeal ya sani.

Sadiq_0x1F

Batun kwafi, ka ɗaure docset ɗin da `tar czf` kafin ka sa a filash, ka kwance a can. Windows 10 zuwa sama ma yana da `tar` a taminal ɗinsa. Ya kashe wannan matsalar.

zainab_kiwix

Ya kashe ta kwafi, bai kashe ta waya ba 🙂 Ɗalibai nawa ne ke da laftof a gida?

Aliyu_termux

Ni a waya na koyi Python gaba ɗaya kafin na sami kwamfuta, don haka wannan fagena ne. Termux za ka saka, taminal na Android, ka ɗauko shi daga ma'ajiyar manhajoji ta F-Droid. `pkg install python`, ka kwance zip ɗin takardun a wata folda, ka shiga cikinta, `python -m http.server 8000`, ka buɗe `localhost:8000` a burauzar wayar. Binciken Sphinx ɗin da @abba_kernel ya ambata yana aiki lafiya ta haka. Akwai kuma dasht, tarin rubutun shell ne da ke bincika docset daga taminal ya buɗe da w3m, ga wanda ba ya son barin baƙin allo.

abba_kernel

Alhamdu lillahi, yau an ce na faɗi daidai.

nura_frontend

Tunda an dawo kan wget, gargaɗi ga masu JavaScript. Shafukan takardu da yawa na zamani za su sauko, su buɗe, amma akwatin bincikensu na Algolia ne, sabar waje yake tambaya, ba intanet ba bincike. Haka rubutun da ake ɗaukowa daga Google Fonts, da lissafin da MathJax ke zanawa in daga waje aka kira shi: za ka buɗe shafin lissafi ka tarar da alamomin dala da sanduna a maimakon ma'auni. Don haka kafin ka ɗauki filash ka tafi, kashe wayfai ɗin gaba ɗaya ka gwada. Gwaji da intanet a kunne yaudarar kai ne, burauza na cike giɓin a ɓoye ba ka sani ba.

Masu MkDocs kuma ku sa `use_directory_urls: false`, in ba haka ba kana danna mahaɗi daga fayil zai nuna maka jerin folda.

Hajjo_py

Wannan gwajin ya shafi docset ma. Kuma in shafin na buƙatar JavaScript kafin ya nuna wani abu, doc2dash yana da `-j`.

barrister_bits

Wani ɓangare da ba a taɓo ba: izini. Na Python da Django da PostgreSQL ba damuwa, lasisinsu ya yarda ka kwafa ka raba, ka bar sanarwar haƙƙin mallaka a ciki kawai. Rubutun MDN yana ƙarƙashin Creative Commons mai sharaɗin ambaton masu shi da rabawa a kan lasisi iri ɗaya. Amma ba kowane shafin da ke buɗe a intanet ne aka yarda ka kwashe ka raba ba, musamman takardun kamfanoni da darussan kuɗi. Amfanin kanka daban, zuba wa mutane a filash ana biyan ka daban.

mk_zaria

Barista, wa zai biyo Malam Gusau saboda filash?

barrister_bits

Ba wanda zai biyo shi. Amma malami ne, yara na kallon abin da yake yi. Kuma in ya so tura docset ɗin zuwa ma'ajiyar gudummawar masu amfani da Dash a GitHub don wasu su amfana, can za a duba.

malam_sudo

Rahoto. Django 4.2 ya shiga Zeal a kwamfutocin Ubuntu, na kashe hotsifot na gwada kamar yadda Nura ya ce, komai na buɗewa. Na nemi `db_default` bai fito ba, na nemi `select_related` ya kai ni kansa. Na cire wancan sabon da na fara saukewa don kada yara su rikice.

Saura biyu. Na Windows ba su da Zeal tukuna. Sannan laburarenmu, har yanzu ina tsakanin maganar Hajiya da ta Sadiq.

Bashir_gopher

Na Windows ka ɗauko Zeal na zip wanda ba ya buƙatar girkawa, ka sa shi a filash ɗin tare da docset ɗin. Sau ɗaya za ka sauke.

Laburaren kuma ni ina nan kan dashing. Daidaita `h2` a shafuka ashirin aikin yamma ɗaya ne da nemo-ka-musanya a VS Code.

Hajjo_py

Sannan bayanin ya ci gaba da zama a wuri ɗaya, lambar a wani wuri. Nan da zangon karatu na gaba za mu sake wannan hirar.

Sadiq_0x1F

Ya yi CSV yau yara su samu abin amfani, ya koma Sphinx lokacin hutu. Ba su hana juna ba.

fati_flutter

Ku yi haƙuri na shigo da nawa. Duk maganar Python ake. Flutter fa? Takardunsa ba Sphinx ba ne, kuma suna da yawa ƙwarai.

nura_frontend

Ba sai kin gina ba. Masu Flutter da kansu suna fitar da docset na Dash da Zeal da kuma zip na HTML, mahaɗan suna shafin farko na api.flutter.dev. Amma bayanin kilas-kilas ne kawai, darussa da misalan yadda ake yin abubuwa (cookbook) na babban shafin takardun Flutter ba sa ciki. Na fakitocin da kika jawo daga pub.dev kuma `dart doc` zai gina miki HTML daga lambarsu da ke kan kwamfutarki.

fati_flutter

Shi wannan HTML ɗin na `dart doc`, doc2dash zai karɓa?

Sadiq_0x1F

A'a, ba shi da `objects.inv`. Amma duba cikin foldar da ya fitar, akwai `index.json`, kowane abu da sunansa da `href` ɗinsa. Ki karanta shi da Python ki zuba a teburin da na nuna a sama, `name` zuwa `name`, `href` zuwa `path`. Sai dai ki turo mana layi biyu-uku na farkon fayil ɗin tukuna, mu ga yadda sigarki ta rubuta irin abu, don Zeal sunaye irin `Class` da `Method` yake so a wannan gurbin.